Mayar da Falon Baƙi Ofishin Gida

Falon baƙi, wato ɗakin da ake ƙawatawa da kujeru da labule domin tarbar manyan baƙi, sau da yawa shi ne mafi faɗi a gidan zamani, amma yakan zauna a rufe sai ranar Sallah ko suna. Tun bayan annobar korona ta 2020, wadda ta tilasta wa ma'aikata da yawa yin aiki daga gida, masu gyaran gidaje suka ƙara karkata ga mayar da shi ofis, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, inda zaure ya daɗe yana zama wurin karatun malamai da sana'ar maɗinka.

Babban amfanin falon shi ne kusancinsa da ƙofar shiga, domin abokin hulɗa zai zo ya tafi ba tare da ya ratsa cikin gida ba. Sai dai aikin wuta ya fi komai muhimmanci, kuma kuskure ne babba a bar shi sai bayan fenti. Tun kafin a yi filasta ya kamata a binne wayoyi, a ƙara soket kusa da mazaunin tebur, a kuma ware layin inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda kayan lantarkin gida ke aiki da ita. Teburin kuwa, mai tsayin kimanin santimita 75, gefen taga ya fi dacewa da shi, don kada hasken rana ya riƙa dukan fuskar kwamfuta.