Wai Hoton Shehu Ne

Kwanakin baya a wata majalisa a Sabon Birni wani matashi ya miƙo mini wayarsa. "Baba, ka taɓa ganin Bawa Jan Gwarzo?" Na duba, sai ga wani dattijo da rawani da takobi, hoton fes, har zaren rigarsa ana gani. Kafin in buɗe baki wani ya ce ai shi na Shehu Usmanu ke gare shi, daga Isa aka turo masa. Wallahi na gaji da wannan abu.

Mu yi lissafi mana. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817. Bawa ya riga shi da fiye da shekara ashirin, tun Alƙalawa na tsaye, kafin faɗuwarta a 1808. Hoton kyamara mafi tsufa da ke hannu kuwa a Faransa aka ɗauke shi wajen 1826, kuma sai a 1839 aka fito wa jama'a da sana'ar. To wa ya ɗauki Shehu, da me? In an ce zane ne, wa ya zana, a wane zaure suka zauna, Ɗegel ko Gudu? Ko Baturen nan Clapperton da ya iso Sakkwato a 1824, Muhammadu Bello ya tarar kan mulki, Shehu na da shekara bakwai da rasuwa.

George Washington, shugaban Amurka na farko, shi ma bai riski kyamara ba, a 1799 ya mutu. Amma ya zauna gaban masu zane. Fuskarsa da ke jikin takardar dala ɗaya daga zanen Gilbert Stuart ce na 1796. A 2006 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da wani zanensa na hannun Charles Willson Peale a kan fiye da dala miliyan 21. Kada ka zaci kyan fenti suka saya. Isnadi suka saya: wa ya zana, wa ya gada, hannun wa ya bi kafin ya iso. Abin da malamanmu ke yi wa hadisi ke nan, sai ga mu jikokinsu muna karɓar fuska ba ko mai ruwaya ɗaya.

Masu yaɗa irin waɗannan hotunan ƙarya, wasu don neman mabiya a Facebook suke yi, wasu kuma manhaja ce ke ƙaga musu.

In an turo maka, kada ka tura. Tambayi wanda ya turo inda ya samo. Saka hoton a Google Lens ka ga asalinsa. Kada ka saya ka rataye a ɗaki don tabarruki. In kuma akwai tsofaffin takardu ko takobi na gado a gidanku, kada dillali ya ruɗe ka da 'yan kuɗi. Rubuta sunan wanda ya bar su da waɗanda suka riƙe bayansa, ka nisanta su da danshi da gara, sannan ka nemi shawarar Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato ko Gidan Arewa a Kaduna.