Shin Za A Iya Ƙera Jini A Masana'anta?

Mu 'yan Gyadi-Gyadi da Tarauni mun taso ne a maƙwabtaka da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Kuma duk mun saba jin sanarwar neman jini a rediyo ko a WhatsApp. To me ya hana masana su ƙera jini kowa ya huta?

Babban aikin jini shi ne dakon iskar oksijin daga huhu zuwa kowane lungu na jiki. Sinadarin himogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini ne ɗan dakon. Jinin da aka bayar kuwa ba ya wuce kwana 42 a firiji, kuma dole ya dace da rukunin mai karɓa.

Masana sun gwada. A 1989 Amurka ta amince da wani ruwa mai ɗaukar oksijin mai suna Fluosol, amma ya bar kasuwa a 1994. A 2001 Afirka ta Kudu ta amince da Hemopure, wanda ake haɗawa daga himogulobin ɗin shanu. Matsalar ita ce, himogulobin da ba ya cikin ƙwayarsa yana tsotse wani sinadari mai sassauta jijiyoyin jini, sai su tsuke. Wani nazari a 2008 ya nuna irin waɗannan magunguna suna ƙara haɗarin ciwon zuciya da mutuwa.

Lamarin ya fi rikitarwa a cutar sefsis, inda jiki ke yaƙar ƙwayoyin cuta har ya ɓarnata gaɓoɓinsa. A 2017 ta kashe mutum kimanin miliyan 11 a duniya. Idan ta tsananta, jijiyoyi sukan saki, jini ya yi ƙasa sosai, kamar famfon da ruwansa ba ƙarfi. Ko an kai oksijin, ƙwayoyin jiki kan kasa amfani da ita: ga itace an kawo har ƙofar madafa, amma murhu ya rushe. Shi ya sa ƙara ɗan dako kaɗai ba ya warkarwa. Likitoci sukan gaggauta ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ƙarin ruwa, da allurar ɗaga jini.

Ƙannenmu, ga naku aikin. Idan wani a gida yana fama da zazzaɓi ko ciwon da ya yi ruwa, sai ya fara ruɗewa, yana numfashi da sauri, fitsari ya ragu, hannuwa suka yi sanyi, kada a tsaya a kemis. A garzaya asibiti, da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Kuma in kun cika shekara 18 kuna da lafiya, ku ba da jini. Har yau masana'antarsa guda ce, jikin ɗan Adam.