Hatimin Lokaci A Kan Fayil: Matsalar Da Ta Ɗauki Masanan Linux Fiye Da Shekara

Kowane fayil da ke cikin kwamfuta yana ɗauke da hatimin lokaci, kamar yadda akawu ke buga kwanan wata a kan takarda sa'ad da ta shigo ofis. Mai kwamfuta ba ya ganin lokacin da ake buga shi, amma ayyuka da dama a kansa suka rataya. Manhajar da ke kwafe fayiloli zuwa ma'ajiya don gudun asara, hatimin nan take dubawa ta san wanda ya sāke. In hatimin ya yi ƙarya, sai ta tsallake sabon aiki, mai shi kuwa ba zai sani ba sai ranar da ya nema.

A tsarin Unix, wanda aka soma ƙirƙirarsa a Bell Labs ta Amurka cikin 1969, da kuma Linux da ya bi sawunsa, hatimai uku ne sanannu, ana kuwa ƙirga lokacinsu daga 1 ga Janairu 1970. Na farko, atime, shi ne lokacin da aka karanta fayil. Na biyu, mtime, lokacin da aka sāke abin da ke ciki. Na uku, ctime, shi ne mai ruɗin jama'a, don da yawa sun ɗauka ranar da aka ƙirƙiri fayil ce, alhali kuwa lokacin da aka taɓa bayanansa ne, kamar a sauya mai shi ko izinin buɗe shi.

Manhaja ba ta buga hatimi da kanta. Sai dai ta aika da roƙo ga zuciyar tsarin, watau ɓangaren da ke riƙe da faifai da agogo. Roƙon rubutu yakan motsa mtime da ctime tare. Roƙon sauya izini, ctime kaɗai yake motsawa. Roƙon karatu kuwa, tun 2009 Linux ta daina sabunta atime a kowane karo, sai in ya tsufa da kwana guda ko an sāke fayil bayansa, don a rage wa faifai wahala. Saboda haka mai bin sawun matsala yakan duba hatiman da umarnin stat, ya sa manhajar strace ta jera masa roƙe-roƙen da aka aika, sa'an nan ya sāke dubawa ya ga wane roƙo ne ya motsa wane hatimi.

To, amma akwai inda gizo ke saƙa. Don neman sauri, zuciyar Linux ba ta duba agogo sosai a kowane rubutu. Tana amfani da lokacin da aka ajiye mata, wanda ake sabuntawa sau 100 zuwa 1,000 a daƙiƙa guda. In aka yi rubutu biyu tsakanin bugu ɗaya da na gaba, hatimi ɗaya za su samu. Kwamfutocin da ke raba fayil ta hanyar NFS kuwa da hatimi suke gane cewa fayil ya sāke, sai wata ta ci gaba da karanta tsohon kwafi.

Cikin 2023 wani masani mai suna Jeff Layton ya kawo magani mai hikima: a ci gaba da agogon kusa-kusa, amma in an tambayi lokacin fayil tun bayan sākewarsa ta ƙarshe, to a buga masa hatimi daga agogon ƙwarai. Aka shigar da gyaran cikin shirin fitowa ta 6.6. Ba a jima ba aka ga garin gyaran gira ana neman rasa ido. Fayil na farko zai samu lokacin ƙwarai, na biyu da aka rubuta bayansa ya samu na kusa-kusa wanda ke baya, sai ƙane ya zama wa a kan takarda. Manhajar make, wadda Stuart Feldman ya rubuta cikin 1976, da gwada hatiman fayiloli take sanin abin da za ta sāke ginawa, irin wannan juyi kuwa yana iya ɓatar da ita. Cikin Satumba 2023 aka janye gyaran.

Maganin da aka samu daga baya shi ne a kafa iyaka: da zarar an ba wani fayil lokacin ƙwarai, ba za a ƙara ba kowane fayil lokacin da ya gaza shi ba. Da wannan sharaɗi aikin ya komo cikin fitowa ta 6.13, a Janairu 2025, ya shafi tsare-tsaren ajiya irin su ext4 da XFS da Btrfs.

Mai karatu, in ka ga kwanan wata a jikin fayil, kada ka yi gaggawar yanke hukunci a kansa. Da umarnin touch kowa yana iya mai da mtime na fayilinsa baya, ko da yake ctime zai tona cewa an taɓa shi. Ka fara tambaya wanne ne cikin hatiman uku, wane roƙo ya buga shi, da wane agogo kuma aka duba.