Maƙerin da Ke Ƙera Awartakinsa



Maƙerin ƙwarai ba ya sayen awartaki a kasuwa, shi ke ƙera abinsa daidai hannunsa. To, haka masu rubuta manhajar kwamfuta suke yi da editansu, wato manhajar da suke yin rubutun a cikinta.

Abin ya faro ne a jami'ar MIT ta Amurka, inda ɗalibi Dan Murphy ya ƙirƙiro edita mai suna TECO a 1962. Umarninta haruffa ne a cunkushe, kai ka ce kaza ce ta yi tonon tsaba a kan madannai. Dole kowa ya riƙa haɗa 'yan dabarunsa don ya samu sauƙi. A 1976 Richard Stallman da Guy Steele suka tattara dabarun nan wuri guda, aka raɗa wa abin suna Emacs.

GNU Emacs, wadda Stallman ya fitar a 1985, akasarinta da harshen Lisp aka gina ta. Maɓallin da aikinsa bai yi maka ba, nan take za ka sauya masa aiki, ba sai ka rufe ta ba. Mutane suka sa ta karanta wasiƙun imel, ta riƙe musu ajanda, har wasan Tetris ake yi a ciki. Gidan ma bai tsira daga rabon gado ba: a farkon shekarun 1990 wani reshe ya ɓalle, ya zama XEmacs.

Kishiyar Emacs kuwa ita ce vi, ta Bill Joy a jami'ar Berkeley. Layin sadarwarsa tafiyar hawainiya yake yi, shi ya sa ya taƙaita umarni zuwa harafi ɗaya ko biyu. Kun san dalilin da ya sa ake zirga-zirga a cikinta da h, j, k da l? Na'urarsa, ADM-3A, a kan haruffan nan aka zana kibiyoyinta. Na'urar ta daɗe da shiga gidan tarihi, al'adar tana nan daram, har a VS Code ta Microsoft da matasa suka fi ɗauka yau akwai ƙarin da ke kwaikwayonta.

Daga tsatson vi ne Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da Vim a 1991, ita kuma ta haifi Neovim a 2014. Bai sa wa Vim farashi ba. Shekara da shekaru, duk wanda ya buɗe ta zai tarar da ɗan saƙo a tsakiyar allo, ana roƙonsa ya taimaka wa yara marasa galihu a Yuganda. Moolenaar ya rasu a watan Agustan 2023.