Sinadarin da ke riga ladan farkawa

A Bulkachuwa, kamar sauran garuruwan ƙasar Katagum, kiran assalatu ne ke tashin jama'a. Amma tun kafin ladan ya buɗe baki, jikin mai barci ya soma shiri. Wasu 'yan ƙananan halittu biyu da ke ɗare a saman ƙoda suna zuba wani sinadari cikin jini, kotizol, bisa umarnin ƙwaƙwalwa. Wajen tsakar dare yake yin ƙasa sosai, ya riƙa hawa gabanin asuba, ya kai ƙololuwa minti 30 zuwa 45 bayan an farka.

An yi masa laƙabin sinadarin damuwa, kuma ba a yi masa adalci ba. Shi ke sa hanta ta saki sukari cikin jini, ya ɗaga ƙarfin bugun jini, har manomi ya saɓa fartanya ya nufi gona cikinsa babu ko koko. Shi ya sa mai ciwon suga kan gwada jininsa da sassafe ya ga lamba ta hau alhali bai sa komai a baki ba. Likitan da ke son auna kotizol ma wajen ƙarfe 8 zuwa 9 na safe yake ɗibar jini.

An daɗe ana ɗaukar farkawar ce ke tunzura kotizol. A 2025 masana a Jami'ar Bristol da ke Ingila suka bibiyi mutum 201 a gidajensu, suka ga hawan ya kankama tun suna barci, buɗe ido bai ƙara masa sauri ba. Agogon jiki ne ke jan ragamar.

Abin tsoro game da kotizol yana kantin magani. Ƙwayoyin dexamethasone da prednisolone kwaikwayon kotizol suke yi, kuma akwai 'yan mata da ke shan su don su yi ƙiba, cikin haɗin da ake kira "sha ka fashe". Fuska ta kumbura, suga da hawan jini su biyo baya, jiki kuma ya daina ƙera nasa kotizol. Wadda ta daɗe tana sha, in ta yanke rana ɗaya, tana iya yanke jiki ta faɗi, har ta rasa ranta. A hankali ake rage su, likita na lura.