Kada Damina Ta Cinye Sujadar Gida

Kowane manomi a yankinmu ya san wuta-wuta, wadda waɗansu ke kira ƙuduji. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, kafin ka ga furenta a gona ta riga ta yi ɓarna. Ƙwayarta ƙanƙanuwa ce kamar ƙura, tana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 tana jira. Da saiwar dawa ko masara ta zo kusa, sai ta tsiro ta manne mata, ta yi makonni tana shan ruwa da abincin shuka a ɓoye, mai gona yana wucewa bai san kome ba.

Na kawo wannan ne saboda wani kuka da nake yawan ji bayan an tashi daga taron ƙungiyar gama kai. Dattijo zai jawo ni gefe ya ce, "Malam, yaron nan tun da ya tafi birni ya bar zuwa sujada." Sai a ɗora laifin a kan birni, ko abokai, ko wayar hannu. Gaskiya ne duk suna da nasu rabo. Amma sau da yawa fure kawai muka gani a birni, abin ya kama saiwa tun yaron yana cin tuwon gida.

Bari mu yi lissafi, 'yan'uwa. Mako ɗaya sa'a 168 ne. Makarantar Lahadi tana samun sa'a 1, in yaro yana cikin Birged a ƙara masa 2 ko 3. Sauran duka na gida ne da gona da firamare. Ko da ma can ba a kafa Makarantar Lahadi don ta ɗauke wa iyaye kaya ba. Robert Raikes ya fara ta a Ingila wajen 1780 domin 'ya'yan matalauta masu aikin kwana 6, waɗanda ba su da mai koya musu ko karatu. Yaron da ke da uwa da uba masu bi, kuma yana kwana ɗaki ɗaya da Littafi Mai Tsarki, bai kamata ya zama maraya a wannan fanni ba.

Na lura yawancin gidajenmu ba ƙin sujadar iyali suke yi ba. Da rani ana yi. Amma da ruwa ya sauka aka shiga noman farko da maimai, sai a dawo gida an gaji tilis, a ci tuwo, kowa ya ɓingire. A ce gobe, goben ta kai kaka, kaka ta kai Kirsimati. Wata 6 ke nan yara suna koyon cewa Allah na lokacin hutu ne.

Maganin wannan ba doguwar sujada ba ce. Wanda ya wuni a kan fartanya ba zai iya wa'azin sa'a guda ba, yara ma ba za su saurara ba. Minti 10 ya isa, amma a yi shi kafin a sa hannu a ƙwarya, gama bayan tuwo barci ne sarki. Waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, 'yan ayoyi kaɗan, sa'an nan addu'a. Bisharar Markus sura 16 ce kawai, in ana karanta gutsure kowane dare za a gama ta kafin a kai dawa rumbu. Ku duba Maimaitawar Shari'a sura 6. Musa bai keɓe wa iyaye wata rana ta koyarwa ba, ya haɗa abin ne da zaman gida, da tafiya a hanya, da kwanciya, da tashi. Ashe tafiyar safe zuwa gona ita ma aji ce.

Wani zai ce bai yi makaranta ba. To, ɗanka ya yi. Ba shi Littafin ya karanta, kai ka bayyana da harshen gida, ko Hausa ne ko yarenku. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, aka kuma fito da sabuwar fassara a 1979, yanzu ma har a waya ana iya saurarensa. Iyayenmu na farko da suka karɓi bishara da yawansu a ajin yaƙi da jahilci suka koyi haɗa baƙi, da fitilar kananzir, ba su ce sai mai bishara ya zo ba.

Amma abin da ya fi nauyi a wurina ba karatun ba ne. Yaro yana da ido fiye da kunne. Yana nan tsaye sa'ad da ake jiƙa gyaɗa ko a zuba tsakuwa a ƙasan buhu kafin a kai kasuwa. Yana gani in mudun saye dabam, na sayarwa dabam. Shi ake aika ya faɗa wa ma'ajin ƙungiya, "Baba ba ya nan," alhali Baba yana ɗaki yana ɓuya saboda bashin takin zamani. Da dare kuma a ce masa ya rufe ido a yi addu'a. Me kuke tsammani zai ɗauka? Littafin Firistoci sura 19 ya haɗa tsoron Allah da ma'aunin gaskiya a wuri ɗaya, ya kuma umarta a bar wa matalauci kala a gona. Uban da ya kama hannun ɗansa suka je suka biya bashin ƙungiya a kan lokaci, ko suka kai wa gwauruwa dami ɗaya na gero, ya yi wa'azin da yaron zai tuna har ya yi furfura.

Akwai wata al'ada tamu da nake so mu farfaɗo da ita saboda wannan. Dā can, bayan aikin gandu, akan yanka wa saurayi gayauna tasa. Ku yanka wa yaro mai shekara 9 ko 10 kunya kaɗan, mace ko namiji, ya shuka gyaɗa ko wake ko kuɓewa. Shi zai nome, shi zai roƙi Allah ruwa dominta, kuma za ku ji yadda addu'ar yaro take canzawa in yana da abin da fari zai iya ƙonewa. Da kaka ya auna da kansa. In mudu 10 ya samu, ya ware 1, ya ɗauka a kansa ranar godiyar kaka ya ajiye a gaban ikilisiya. Wannan ya bambanta ƙwarai da kuɗin baiko da ake danƙa masa a ƙofar majami'a, wanda bai san zafinsa ba. In kuwa shekara ta ƙi, kada a ɓoye masa. Ya ji yadda uba yake magana da Allah a shekarar da rumbu bai cika ba, ba tare da an lallaɓa wurin boka da dare ba.

Mata kam suna ƙoƙari, Zumuntar Mata ta riƙe gidaje da yawa. Timoti ma daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya gaji bangaskiya, ubansa kuwa Bahelene ne. Amma ku maza, kada wannan ya zama muku mafaka. Ɗa namiji in ya ga ubansa yana gindin bishiya ana hira sa'ad da ake sujada a cikin gida, zai ƙudura a ransa cewa addu'a aikin mata da yara ne, yana girma zai ajiye ta. Haka kuma ba a cusa aya da bulala. Bulus ya gargaɗi ubanni a Afisawa sura 6 kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi.

Mu shugabannin ƙungiyoyi ma da sauranmu. Taron da aka sa ƙarfe 4 ba a fara sai 6, a yi ta gardamar rabon taki har dare, maza su koma gida yara sun yi barci. Ina roƙon kowace ƙungiya ta sa wannan cikin abin da za ta tattauna a zama na gaba: daga Yuni zuwa Nuwamba a riƙa tashi daga taro kafin rana ta faɗi, kuma a tambayi kowane memba kunya nawa zai yanka wa 'ya'yansa bana.