Kwamfutarka ta koma rubuta Ibrananci? Dakata, kar ka bari a goge ta tukuna

 Kamar kullum, ga shirin a rubuce saboda waɗanda datarsu ba za ta ja sauti ba.

Yau da abin kunya zan fara, kuma nawa ne. Ƙungiyarmu ta matasa a nan Rogo Sabon Gari tana da laftof guda ɗaya tal, ta hannu ce muka yi karo-karo muka saya. A cikinta sunayen mambobi suke, da lissafin kuɗi, da duk wasiƙun da muka taɓa rubutawa. Ran nan wata ƙanwarmu ta ara za ta cike neman tallafin karatu, kuma a daren za a rufe shafin. Ta sa kalmar sirrinta, aka ce ba daidai ba. Ta sake, haka. Da ta koma gurbin suna ta danna haruffa, sai ga wasu baƙaƙe masu kusurwa suna fitowa daga dama zuwa hagu, ba boko ba, ba Larabci ba. Wani ya leƙa ya ce, "Kai, wannan ai rubutun Yahudawa ne, an yi muku kutse!" Mai gyaran da muka kira a waya ya ce bairos ne, mu kawo ta a goge komai a sake zuba mata Windows.

To, ba kutse ba ne, ba bairos ba ne. Ni ne.

Kwana biyu kafin nan na so in ƙara kibod ɗin Hausa, saboda na gaji da rubuta "kasa" alhali "ƙasa" nake nufi. Windows yana da kibod ɗin Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, amma jerin da ake zaɓa a ciki da Turanci aka jera shi bi da bi: Hausa, sai Hawaiian, sai Hebrew. Hebrew ɗin nan shi ne Ibrananci, harshen da ake yi a Isra'ila. Hannuna ya zame layi biyu, ban lura ba, na rufe na tafi.

Na san me ya sa mutane ke tsorata. Mun ji labarin Pegasus, manhajar leƙen asiri ta kamfanin NSO na Isra'ila da aka yi ta magana a kanta a 2021, mun kuma ga yadda ƙananan na'urorin sadarwa suka riƙa fashewa a Lebanon a Satumban 2024. Amma ku yi tunani mana: mai leƙen asiri burinsa kar ka san yana nan. Ɓarawon da ya shigo da dare ba ya kunna maka fitila.

Ga yadda abin yake. Harafin da aka zana a kan maɓalli fenti ne kawai. Idan ka danna, lamba ce ke zuwa wa kwamfuta, ita kuma sai ta duba wane tsarin harshe ne a kunne, ta ba ka harafin da ke wannan gurbi. A tsarin Ibrananci, maɓallin T yana ba da א, na A yana ba da ש. Har ma idan ka danna a, k, u, o a jere, kalmar "shalom" za ta fito, 'yar uwar "salam" ta Larabci. Lambobi kuwa suna fitowa yadda ka saba, kuma idan ka riƙe Shift manyan haruffan boko ne za su fito. Wannan ne ya ƙara rikita ƙanwar tamu: babban harafin farko daidai, lambobi daidai, sauran duk Ibrananci, ga ɗigo-ɗigo sun rufe kalmar sirrin ba ta gani.

To me ya juya shi, tunda ba wanda ya shiga saiti a ranar? Yatsu. Da zarar harshe ya wuce ɗaya a kwamfuta, Windows yana ba da gajerun hanyoyi na sauyawa. Alt na hagu tare da Shift yana tsallakawa zuwa harshe na gaba. Maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara shi ma haka. Ctrl da Shift kuma suna iya sauya tsarin kibod. Duba inda Alt da Shift suke, kusa da juna a ƙasan hagu, daidai inda ɗan yatsa ke hutawa. Masu zanen fosta a Photoshop sun fi kowa shan wannan, don suna riƙe Alt da Shift suna jan hoto da linzami, suna saki harshe ya juya.

Saboda haka maganin gaggawa bai kai daƙiƙa biyar ba. Kalli ƙasan allo ta dama, kusa da agogo. Idan ka ga ENG, lafiya. Idan ka ga wasu baƙaƙe uku da ba ka sani ba, danna su ka zaɓi Turanci, ko ka riƙe maɓallin Windows ka taɓa na tazara har ENG ya dawo. Alamar nan tana nan har a allon farko da ake sa kalmar sirrin buɗe kwamfuta, don haka kafin ka ce ka manta, duba ta. Abin da ka riga ka rubuta da Ibrananci kuwa sai dai ka goge ka sake, canza salon rubutu ba zai mayar da shi boko ba.

Amma wannan kwantar da ciwo ne. Don ya tafi gaba ɗaya, shiga Settings, sai Time & language, sai Language & region idan Windows 11 ce, ko Language kawai a Windows 10. Idan ka ga Hebrew a jerin, danna Remove. Idan ba ka gan shi ba, kar ka ce babu. Buɗe zaɓuɓɓukan Turancin kansa ka gangara zuwa Keyboards, sau da yawa a nan yake laɓe, kuma a nan nawa ya ɓuya. Akwai ma mai taurin kai da za ka gani kusa da agogo amma babu shi a Settings ko'ina. Dabararsa abin dariya ce: ka ƙara shi da hannunka, sannan ka cire shi.

Waɗanda suke buƙatar harshe biyu fa? Malaman Islamiyya da ɗaliban Larabci ba za su cire Larabci ba, kuma matsalar iri ɗaya ce sak. Ku naku shi ne kashe gajeriyar hanyar. Ku nemi Advanced keyboard settings, ku shiga Input language hot keys, sai Change Key Sequence, ku zaɓi Not Assigned a ɓangarorin biyu. Daga nan sai da niyya harshe zai sauya. A shafin nan dai akwai wani akwati da ke barin kowace manhaja ta riƙe harshenta daban. Idan da alama a ciki, shi ya sa za ka ga burauza tana Turanci amma Word yana wani abu.

Word ɗin ma yana da nasa halin. A File, Options, Advanced, akwai zaɓin da ke cewa ya sauya kibod da kansa ya dace da harshen rubutun da ke kewaye. Wato ka kwafo layi ɗaya na Larabci ko Ibrananci, ka ajiye alamar rubutu kusa da shi, sai ya juya maka kibod ba tambaya. Cire masa alamar. Idan kuma sakin layi gaba ɗaya ya koma farawa daga dama, Ctrl da Shift na dama ka danna ba ka sani ba, Ctrl da Shift na hagu zai dawo da shi.

Ba kullum laifin yatsa ba ne, gaskiya. Laftof ta hannu tana iya zuwa da harshen mai ita na farko idan ba a sake mata Windows ba, don haka ranar da ka saya, a gaban mai shagon ka duba jerin harsunan. Haka nan idan ka shiga da asusun Microsoft, yana iya kwaso zaɓin harshe daga wata kwamfutar da ka taɓa amfani da ita. Wanda ya cire ya ga ya dawo, ya shiga Accounts ya kashe daidaita Language preferences.

A waya abin ya fi sauƙi. A Gboard alamar duniya ce kusa da maɓallin tazara, ko ka danne na tazarar ka zaɓi harshe. A kibod ɗin Samsung, shafa maɓallin tazara gefe kawai yana sauyawa, shi ya sa yaro ɗan shekara biyu yake iya yi maka.

Ƙanwar tamu ta tura takardunta kafin sha biyun dare. Ni kuma washegari na koma jerin nan, na sa ido sosai, na danna Hausa. Yanzu wasiƙunmu suna fita da ƙ da ɗ ɗinsu. Kuɗin motar zuwa Kano da muka fara haɗawa saboda gyara, an mayar wa kowa nasa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.